A Daina Auna Faifan Geddy Lee da Mudun Rush

Ranar 14 ga Nuwamba, 2000, Geddy Lee ya fitar da faifan waƙoƙi na ƙashin kansa mai suna My Favourite Headache, wato ciwon kan da na fi so. Geddy Lee shi ne mawaƙi kuma mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar Rush ta ƙasar Kanada. Waƙoƙi 11 ne a faifan, tsawonsu duka bai kai minti 50 ba, kuma har yau bai sake yin wani cikakken faifai da sunansa shi kaɗai ba. Sama da shekara 20 ke nan, amma hukuncin da ake yanke wa wannan aiki yana nan yadda yake. Duk inda aka jero ayyukan mutumin, sai a ambaci faifan a can ƙarshe, a ce wani ɗan abu ne ya yi don rage zaman banza lokacin da Rush ke hutu. Wasu su ce Rush ce aka tsinka da ruwa. Wasu kuma su ce sun saya don su ji bajintar jita, sai suka tarar da waƙoƙi kawai.

Mu a wurinmu wannan hukunci zalunci ne, kuma ƙiwar saurare ce ta haife shi. An ɗauko mudun Rush an auna abin da ba Rush ba, da bai cika mudun ba sai aka ce hatsin ne ba shi da kyau. Za mu bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan, tunda ba kowane mai karatu ne ya saba da irin wannan kiɗa ba, bari mu fara da bayanin mutumin da kayan aikinsa.

Mutum uku, aikin mutum biyar

Jitar bes jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta a ƙasa take, irin amon da mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa ya tantance shi. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa wuri ɗaya. Idan mai bes ya iya aikinsa, yawancin masu saurare ba sa lura da shi. Ranar da ya yi shiru ne kowa zai ji kiɗan ya zama fanko. Ko a gida mun san irin wannan rabo: kowa ya san sunan Shata, amma mutum nawa ne za su iya lissafo sunayen masu kalangunsa?

An kafa Rush a birnin Toronto a 1968. Daga 1974 ta tsaya a kan mutum uku: Geddy Lee a bes da waƙa, Alex Lifeson a jita, Neil Peart a ganga. Sun fara da kiɗan da Turawa ke kira hard rock, wato rock mai nauyi da tsawa, wanda ke tafiya a kan ɗan gajeren karin jita da ake maimaitawa da ƙarfi, irin na Led Zeppelin da Cream. Daga baya suka karkata zuwa wanda ake kira progressive rock, wato rock mai dogon zango, inda waƙa ɗaya kan rabu kashi-kashi, bugun ganga ya riƙa sauya ƙirge, kamar yadda Yes da Genesis da King Crimson suka yi a Ingila. Waƙar da ta buɗe faifansu 2112 na 1976 ta kai minti 20, ita kaɗai ta cinye fuska ɗaya ta faifan garmaho. Abin da ya bambanta Rush shi ne ta haɗa biyun, ƙarfin wancan da lissafin wannan.

A kan dandali, Geddy Lee yana waƙa, yana kaɗa bes, yana danna madannan kibod, wani lokaci kuma ƙafarsa na taka wasu madannan a ƙasa. Sai dai akwai abu ɗaya da ba nasa ba ne: kalmomin da yake rerawa. Tun daga faifan Fly by Night na 1975, Neil Peart ne ke rubuta kusan dukkan baitocin Rush. In ka cire 'yan waƙoƙi kaɗan irin su Tears da Cinderella Man da Different Strings, Geddy Lee ya shafe shekara 25 yana rera tunanin wani mutum da muryarsa. A riƙe wannan magana, domin a nan ne masu sukar faifan suka fi yin sake.

Lokacin da aka yi faifan

Masu cewa Rush tana hutu sun zaɓi kalma mai sauƙi don su rufe abu mai nauyi. A watan Agusta na 1997, 'yar Neil Peart mai shekara 19 ta rasu a haɗarin mota a jihar Ontario. Ita kaɗai ce ɗiyarsa a lokacin. Bayan wata goma, a watan Yuni na 1998, matarsa ta rasu da ciwon daji. Peart ya shaida wa abokan aikinsa su ɗauka ya bar kiɗa. Ya hau babur ya shiga duniya, ya ratsa Kanada da Amurka da Meziko har zuwa Belize, tafiyar da ta kai kilomita kusan 88,000, wadda daga baya ya ba da labarinta a littafinsa Ghost Rider na 2002.

To, me ya kamata sauran biyun su yi? Tarihin kiɗan rock ya riga ya nuna hanyoyi. Da Keith Moon, mai gangar The Who, ya mutu a 1978, ƙungiyar ta ɗauko Kenney Jones ta ci gaba. Da John Bonham ya mutu a 1980, Led Zeppelin ta watse. Yes kuwa ta sauya mutane har sai da lissafi ya gagari masoyanta. Rush a 1998 suna ne mai kawo kuɗi, kuma masu ganga da za su yi tsalle su karɓi kujerar Peart ba su ƙirguwa. Lee da Lifeson suka ƙi. Ba su ɗauki wani ba, ba su kuma sanar da watsewa ba. Suka bar kujerar a buɗe, ba tare da tabbacin mai ita zai dawo ba. Murhu duwatsu uku ne, in ɗaya ya fita ba a ɗora tukunya, kuma su ba su yarda su tsinto wani dutse a bakin hanya ba.

A cikin wannan jira ne Geddy Lee ya zauna da tsohon abokinsa Ben Mink suka fara rubuta waƙoƙi. Mink ba baƙo ba ne ga masoyan Rush, shi ne ya ja gogen Turawa a waƙar Losing It ta faifan Signals na 1982, kuma shi ne abokin aikin mawaƙiya k.d. lang a faifanta Ingénue na 1992. A ganga suka gayyato Matt Cameron na Soundgarden da Pearl Jam, sai Jeremy Taggart na Our Lady Peace da ya buga a waƙa ɗaya, Home on the Strange. David Leonard ya taimaka wajen haɗa sautin. Shi kansa sunan faifan daga bakin mahaifin Mink ya fito, Lee kuma ya ga ya dace da dangantakarsa da kiɗa, abin da yake so amma yake hana shi barci.

Wanda ya san wannan tarihi ya kuma kira faifan maganin zaman banza, to ko dai bai saurara ba, ko kuma bai taɓa jiran wani ba.

Zargi na farko: wai yana kama da Rush

Wannan shi ne zargin da aka fi maimaitawa, kuma shi ne ya fi ba mu dariya. Da wa ake so ya yi kama? Muryar da ta rera Tom Sawyer ita ce dai a nan. Yatsun da suka kaɗa bes a faifan Moving Pictures na 1981 su ne dai a nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Rush, Lee da Lifeson ne ke tsara kiɗa, Peart ya kawo baiti. Saboda haka idan faifan Lee ya yi ƙamshin Rush, abin da ya nuna shi ne yawan abin da Lee ya zuba a tukunyar Rush tun farko. Wannan shaida ce a kansa mai kyau, masu suka suka juya ta ta zama laifi.

Abin haushin ma, da ya yi nesa da Rush, da waɗannan mutanen ne za su fara cewa ya yi watsi da asalinsa. Alex Lifeson ya fitar da nasa faifan mai suna Victor a 1996, mai duhu da kaushi, nesa da abin da aka saba ji daga gare shi, kuma shi ma bai tsira daga gunaguni ba. Ka yi kama da gida a ce ba ka da sabon abu, ka bar gida a ce ka ɓata. Mai irin wannan kunne ba faifai yake nema ba, Rush yake so a dawo masa da ita, kuma wannan ba ya hannun Geddy Lee a shekarar 2000.

Sannan zargin ma bai tsaya da ƙafarsa ba idan aka saurara da kyau. Matt Cameron ba ya buga ganga irin ta Peart. Peart yakan tsara kowane bugu tun kafin a shiga situdiyo, ya cika kowane lungu. Cameron yana da nauyin hannu irin na makaɗan Seattle, yana barin fili, yana jan bugun baya kaɗan. Mink kuma ba Lifeson ba ne, jitarsa ba ta neman gaba, gogensa ne ke shiga inda jitar Lifeson za ta yi kuka. Piyano ya samu wuri fiye da yadda ya saba samu a Rush. Lee ya jera muryarsa hawa-hawa, yana yi wa kansa amshi. Kuma sama da duka, kalmomin nasa ne.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya. Peart marubuci ne mai son falsafa, mai karatu da yawa, baitocinsa kan tashi daga littattafai da manyan tambayoyi. Lee ya rubuta abin da ya fi kusa da jiki. The Present Tense tana magana ne kan zama a cikin yau. Working at Perfekt, wadda aka ɓata rubutun kalmar ƙarshe a sunanta da gangan, tana yi wa masu neman kamala ba'a, kuma kowa ya san shi kansa yana cikinsu. Slipping waƙar nadama ce ta mutumin da ya yi nufin alheri amma ya kasa.

Sai waƙar ƙarshe, Grace to Grace. Sunan Geddy Lee na yanka Gary Lee Weinrib, an haife shi a Toronto a 1953. Iyayensa Yahudawan Poland ne da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi. Dukansu sun ratsa ta Auschwitz, daga nan aka kai uban Dachau, uwar kuma Bergen-Belsen, inda sojojin Birtaniya suka 'yantar da ita a watan Afrilu na 1945. Sunan Geddy ma daga yadda harshen uwarsa ke furta Gary ya samo asali. A 1984 Rush ta yi waƙar Red Sector A, wadda labarin uwar Lee na cikin abin da ya haife ta, amma alƙalamin Peart ne ya rubuta. Sai a shekarar 2000, a Grace to Grace, ɗan ya ɗauki alƙalami da kansa ya rubuta abin da ya gada daga rayuwar uwarsa. Wanda ya ji wannan ya ce Rush ce aka tsinka da ruwa, muna tambayarsa: a wane faifan Rush ya taɓa jin Geddy Lee yana faɗin wannan da bakinsa?

Zargi na biyu: wai ina bajintar bes

Akwai wata doka da ba a rubuta ba, wadda ake ɗora wa masu bes kaɗai. Idan mai bes ya yi faifai nasa, wai dole ne ya mai da shi filin nuna gudun yatsa, ya rama shekarun da ya yi a baya. Ba a ɗora wa mawaƙi wannan doka, ba a ɗora wa mai piyano. Kuma da zarar mai bes ya yi nasara da waƙoƙi, sai a manta da cewa mai bes ne. Paul McCartney mai bes ne a Beatles. Sting mai bes ne a The Police. Roger Waters mai bes ne a Pink Floyd. Wa ya taɓa mayar da faifansu kanti don bai ji bajintar bes ba?

Ba mu ce faifan bajinta laifi ba ne. Jaco Pastorius ya yi irinsa a 1976 a fagen jaz, ya sauya yadda duniya ke kallon wannan jita. John Paul Jones na Led Zeppelin ya fitar da Zooma a 1999, kiɗa zalla babu waƙa, bes a gaba tana ruri. Dukansu suna da dalili. Pastorius matashi ne mai gabatar da kansa. Jones kuwa ya yi shekaru a inuwar Jimmy Page da Robert Plant, yana da abin da bai samu damar nunawa ba.

Me Geddy Lee bai nuna ba? A ƙungiyar mutum uku, duk lokacin da mai jita ya tafi nasa yawon, mai bes ne ke riƙe gidan shi kaɗai, don haka bes ɗin Lee ba ta taɓa zama a baya ba. Wanda ke son gudun yatsa ya koma La Villa Strangiato ta 1978, ko YYZ ta 1981, wadda aka gina bugunta a kan haruffan da ke nuna filin jirgin saman Toronto a saƙon Morse. Shekara 25 yana wannan. A 2017, da aka shigar da Yes zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, Chris Squire mai bes ɗinsu ya riga ya rasu tun 2015, Geddy Lee aka kira ya kaɗa Roundabout a madadinsa. Mutumin da ake kira ya tsaya a gurbin Squire ba shi da sauran jarrabawar da zai ci a gaban kowa.

Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne ya rubuta faifai sukutum da kalmominsa. Nan ne haɗarin yake, kuma nan ya nufa. Da ya cika faifan da gudun yatsa, da ya bi hanya mafi sauƙi, masu sayen mujallun jita su tafa masa, shi kuma ya koma gida bai faɗi komai ba.

Kuma ma wa ya ce babu bes? Faifan da bes yake buɗewa. Daƙiƙun farko na waƙar My Favourite Headache bes ce ke dukan ƙofa, da wani irin kaɗi na yatsa mai kai da komowa da sauri wanda Lee ya ƙware a kai a shekarun 1990. A Moving to Bohemia bes ce ke jan ragamar waƙar, goge na biye da ita. A Home on the Strange tana rangaji da tsalle. Bambancin kawai shi ne, a ko'ina bes tana yi wa waƙa hidima. Wannan kuwa shi ne aikinta tun asali, kuma wanda bai gane haka ba bai san kayan kiɗan da yake iƙirarin so ba.

Zargi na uku: wai bai tsaya ko'ina ba

Masu son rock mai nauyi sun ce goge da piyano sun yi yawa. Masu son rock mai dogon zango sun ce waƙoƙin gajeru ne, minti huɗu zuwa biyar, babu mai minti 20, babu labarin taurari da sarakuna. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin faifan ya jefar da rabi.

Ga masu dogon zango muna cewa: kun mai da tsawo addini. Abin da ya sa aka kira wannan kiɗa mai ci gaba tun farko shi ne ya ƙi zama inda aka ajiye shi. Idan a shekarar 2000 mutum ya sake gina irin abin da aka gina a 1976, da tsawonsa da fasalinsa, to ya zama mai gadin kayan tarihi. Rush kanta ta bar dogayen waƙoƙi tun farkon shekarun 1980, ta koyi cusa sauye-sauyen cikin minti biyar. Haka Lee ya yi a nan. A saurari waƙar farko: ta tashi da hargowa da kaushi, kwatsam ta faɗa cikin sanyin piyano da goge, ta sake komawa hargowa, kuma ɗinkin bai nuna ba. Abin da wasu ke buƙatar fuska ɗaya ta faifai su yi, an yi shi kafin shayi ya huce.

Ga masu son nauyi kuma muna cewa: tsawa ba ta da daraja in babu shiru kusa da ita. Grace to Grace tana da karin jita mai duka kamar guduma, amma abin da ya sa dukan ke shiga jiki shi ne sassaucin da ke zuwa a amshi. The Angels' Share, mai tafiya a hankali da jitar katako da goge, ita ke ba Runaway Train da ta gabace ta damar yin nauyi. Cire masu sanyin, ka ga masu zafin sun zama hayaniya.

Akwai wanda ya riga shi bin wannan hanya. Chris Squire ya fitar da Fish Out of Water a 1975, da Bill Bruford a ganga da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan goge da busa. Shi ma an ce yana kama da Yes. Yau masoyan wannan kiɗa da yawa suna sa shi a sahun gaba na duk abin da wani ɗan Yes ya yi shi kaɗai. Lokaci ya yi wa Squire adalci, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a hana Lee irinsa ba.

Zargi na huɗu: wai bai yi kasuwa ba

Gaskiya ne. Faifan ya tsaya a lamba 52 a jadawalin Billboard na Amurka, alhali faifan Rush kan shiga goman farko. Amma a dubi kasuwar da ya shiga. A makon da ya fito ne aka fitar da tarin waƙoƙin Beatles mai suna 1, wanda ya mamaye duniya. Wata guda kafin nan Limp Bizkit ta sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a mako guda, Linkin Park kuma ta fito da Hybrid Theory. A watan Maris na shekarar, NSYNC ta sayar da kwafi miliyan 2.4 a makon farko. Napster kuma tana raba waƙoƙi kyauta a intanet. A wannan kasuwa ne mutum mai shekara 47 ya kawo waƙoƙi kan nadama da haƙuri da tarihin uwarsa, kuma bai kafa wata ƙungiya ya zaga duniya yana tallar su ba.

Abin mamaki shi ne a ji wannan zargi daga bakin masoyan Rush. Faifansu Caress of Steel na 1975 bai yi kasuwa ba, kamfanin Mercury ya matsa musu su yi gajerun waƙoƙin rediyo, su kuma suka amsa da 2112. Duk wani mai son Rush yana ba da wannan labari da alfahari, cewa ƙungiyarsa ba ta bi kasuwa ba. To yaya aka yi mudun da kuka ƙi a auna Rush da shi a 1975 ya zama shi kuke auna Lee da shi a 2000?

Abin da muka yarda da shi

Kada a ce mun rufe ido. Faifan yana da rauni. A tsakiyarsa akwai waƙoƙin da tafiyarsu ta yi kama da juna, ba sauri ba, ba sanyi ba, har mai saurare na iya rasa inda ɗaya ta ƙare wata ta fara. Jera murya hawa-hawa wani lokaci ya yi yawa, ya danne kaifin da muryar Lee ke da shi idan tana ita kaɗai. Wasu baitocin ba su kai na Peart gogewa ba, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya daɗe bai riƙe alƙalami ba. Akwai kuma wuraren da kunne ke jiran jitar Lifeson ta tsaga sama, ba ta zo ba. Ba mu ce ya fi Moving Pictures ba, kuma duk wanda ya ce haka son zuciya ne.

Amma faɗin raunin aiki daban, ƙin sauraren aikin daban. Yawancin abin da ake faɗa kan wannan faifai bayanin abin da babu ne a cikinsa: babu Peart, babu Lifeson, babu minti 20, babu gudun yatsa. Sharhin da ya ƙare a lissafin abin da babu bai fara ba tukuna.

Waƙar da aka bari a aljihu

Hujjarmu ta ƙarshe ba ta cikin faifan. A ƙarshen 2023, lokacin da Lee ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa My Effin' Life, ya saki waƙoƙi biyu da aka ɗauka a zaman aikin faifan amma aka ajiye: Gone da I Am... You Are. Gone waƙar rashi ce, an rubuta ta bayan rasuwar 'yar Peart. Lee ya bayyana cewa ya cire ta ne saboda ciwon ɗanye ne a lokacin, kuma yana ganin bai dace ya fitar da ita ba don girmama abokinsa. Sama da shekara 20 tana ajiye.

A yi tunani a kan wannan. Mawaƙi yana da waƙar da za ta ja hankalin 'yan jarida, ta sa a yi ta magana kan faifansa, domin babu abin da ke sayar da faifai kamar hawaye. Ya mayar da ita aljihu saboda makokin ba nasa ba ne. Wannan mutum ya san makoki tun yana yaro: mahaifinsa ya rasu yana da shekara 12, ya yi wata 11 yana zaman makoki bisa al'adar Yahudawa, ba ya sauraren kiɗa. Ya san akwai lokacin da shiru ya fi waƙa. Irin kamun kan da ya sa ya ajiye Gone shi ne ya sa bai cika faifan da burga ba, shi ne kuma ya sa bai ba wani kujerar Peart ba. Masu suka sun ga wannan kamun kai suka kira shi rashin ƙarfi.

A farkon 2001 Peart ya dawo. Su ukun suka shiga situdiyo suka yi sama da shekara guda, Vapor Trails ya fito a watan Mayu na 2002. Suka ci gaba har zuwa wasansu na ƙarshe tare a watan Agusta na 2015. Peart ya rasu ranar 7 ga Janairu, 2020, bayan fama da ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Muddin yana raye, babu wanda ya zauna a kujerarsa. Sai a watan Oktoba na 2025 Lee da Lifeson suka sanar da za su koma dandali tare da Anika Nilles, Bajamushiya mai ganga. Da a 1998 suka yi gaggawar cike gurbin, da wuya a ce Peart ya samu gidan da zai dawo, da kuma babu faifai uku na sabbin waƙoƙi da suka biyo baya. My Favourite Headache yana cikin abin da ya sa jiran ya yiwu: ya ba Lee inda zai kai kiɗan da ke cinsa ba tare da ya taɓa sunan Rush ba.

Don haka roƙonmu ga mai karatu ɗaya ne. Faifan yana nan a manhajojin sauraren waƙa, a wayar da ke hannunka. Ka sa abin ji a kunne, domin lasifikar waya ba ta fitar da muryar bes. Ka fara daga waƙar farko ka bi har Grace to Grace ba tare da tsallake ba, sannan ka nemo Gone ka ƙara a ƙarshe. In ka gama ka ce bai yi maka ba, mun yarda, kunne kowa da nasa. Abin da ba za mu ƙara yarda da shi ba shi ne a yanke wa faifan hukunci da laifin mutum biyu da ba su cikinsa.